Gaisuwar Giwaye

Aikande ta gane shi tun bai juyo ba. Yana tsugune a gaban motar yana duba taya, ya ba su baya, amma dogon wuyan nan da yadda yake karkatar da kai idan yana nazarin abu, ko a tsakiyar kasuwar Moshi ba za su ɓace mata ba.

Ta ja ta tsaya a ƙofar masaukin.

"To, me kuma?" in ji Gwaggo Ndeshi, ƙanwar mahaifinta, tana zungurinta da gwiwar hannu. "Yau kika fara ganin mota? Wuce mu je, rana na yi."

Aikande ta dubi fuskar gwaggonta. Ɗan murmushin da ta gani ya ishe ta bayani. Gwaggo ce ta raka Elibariki Shayo, mai neman auren Aikande, ofishin masu kai mutane gandun daji a Arusha, ita ce kuma ta nemi a ba su wannan direban, ba wani ba. So take Aikande ta wuni a mota ɗaya da mazan nan biyu, ta ƙare musu kallo: ga wanda ya ɗauki nauyin tafiyar, ga wanda aka sa ya buɗe musu ƙofa.

Loserian ya miƙe, ya juyo yana goge hannu da tsumma. An ce masa iyalin Shayo zai ɗauka. Idonsa ya faɗa kanta, tsumman ya tsaya cak. Sai ya ga dattijon da ke bayanta, mahaifinta, fuskarsa ta rufe kamar an ja ƙofa.

Rabonta da ganinsa tun bara, bayan tsinkar 'ya'yan kofi a gona. A jami'a suka haɗu a Morogoro, ita tana karatun noma, shi na namun daji, kuma ya sha wahala kafin ta iya ɗaga ido ta amsa gaisuwarsa. Da suka gama karatu ya hau dutse har garinsu Marangu shi kaɗai, don ya gai da mahaifinta kafin manyansa su shigo maganar. Ita tana ɗakin girki a bayan gida tana juya miyar ayaba. Miyar ba ta nuna ba aka ce baƙo ya tafi.

"Yaron nan ba shi da tarbiyya," abin da Baba ya ce ke nan. "Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

"Mahaifinki ya ƙi ni, Aika," in ji Loserian a waya. "Don Allah kada ki tambaye ni yadda aka yi."

Ta tambaya har ta gaji. Gwaggo kaɗai ce ta ga abin da ya faru a barandar gidan, ita kuwa amsarta ɗaya ce: ɗan ƙabilar Masai ne, ba shi da ko tushen ayaba guda a kan dutse, me ake jira ya yi?

Sai ga Elibariki, ɗan gidan Shayo, maƙwabtansu. Da mugu ne da abin ya zo mata da sauƙi. Shi ya riƙa kai Mama asibiti a motarsa har ranar da ta cika. Shi ya sake musu kwanon rufin da damina ta cinye. Da ya ji cewa mahaifinta, Malam Lyimo, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zana wa 'yan firamare giwa a allo, bai taɓa ganin giwar ido da ido ba, duk da alkawarin da ya sha yi wa marigayiya cewa wata rana zai kai ta, sai ya bar shagunansa na kayan gini ya shirya wannan tafiyar zuwa gandun dajin Tarangire. Ranar Lahadi bayan coci manyansa za su zo da tulunan giyar ayaba, a tsayar da maganar aure. Baba ya riga ya ce su zo.

A harshen mutanen dutse, aika shi ne na gode. Mama ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, shi ya sa ta raɗa mata Aikande. Yanzu duk lokacin da Elibariki ya shigo gidan sai ta ji sunanta na tashi ta ko'ina, aika, aika, ta rasa ko kiranta ake yi ko miƙa ta ake yi.

"Baba, ga direbanmu," in ji Elibariki, yana riƙe da jakar dattijon. Shi bai taɓa ganin Loserian ba, labarinsa kawai ya ji. "Ɗan'uwa, yaya sunan?"

"Yohana," in ji Loserian. Sunan baftismarsa ne, shi yake ba baƙi don ya fi sauƙi a bakinsu.

Baba ya matso, ya dubi fuskar Loserian kusa da kusa, sai ya washe baki.

"Madalla, Yohana. Ka tafi da mu a hankali, ɗana, ƙasusuwan nan sun daɗe a duniya."

Murmushin Gwaggo ya ragu. Aikande ta ce a ranta, ashe Baba ya iya ɓoye fushi haka.

* * *

Tun daga ƙofar gandun aka ɗaga rufin motar. Elibariki na tsaye, kansa a waje, sai nuni yake da hannu bibbiyu kamar shi ya ajiye dabbobin.

"Baba, jakunan dawa! Baba, ga raƙumin dawa can bayan kuka! Gwaggo, tashi mana ki gani."

"Na gani daga nan. Jakin da aka shafa wa fenti ne zai sa in miƙe? Ni dai ƙudajen nan sun gama da ƙafata." Ta kai wa wani ƙudan tsando duka da gefen zane.

Baba yana gaba kusa da direba, da sabon madubin hangen nesa da Elibariki ya rataya masa a wuya. Duk abin da aka nuna sai ya ɗaga madubin, ya gyaɗa kai.

"Ikon Allah. Aika, Elibariki, aika."

Aikande ba ta iya magana ba, kallo ta iya. Tun a firamare 'yan ajinsu ke ce mata mujiya. Kallon nan ne ya nuna mata cewa madubin Baba kullum a makare yake. Sai raƙumin dawan ya wuce sannan ya isa wurin. Sau ɗaya ma kan suri ya tsaya, yana ta yabawa.

Oba-obar motar ta yi ƙara, wani direba ya faɗi magana a dunƙule irin tasu. Loserian ya karkata ya bi wata ƙaramar hanya. A gindin wani itace, bakin busasshen rafi, zakanya ce kwance ita kaɗai, ta ɗora haɓa kan ƙafafunta.

"Baba!" in ji Elibariki, da irin raɗar da ake ji daga nesa. "Dama da kai, gindin itacen!"

Baba ya ɗaga madubin. Ya daɗe yana kallo.

"Kai, kai, kai. Dubi geza! Haka nake zana wa yara shi, har su ce na sa masa hular ciyawa."

Elibariki ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. "Baba ke nan! Gwaggo, kin ji shi? Wai geza. Har zakanya ba ta tsira daga tsokanarsa ba."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Aikande ta ɗaga ido, ta haɗu da idon Loserian a ɗan madubin gaba. Shi ma ya gane.

Abubuwa suka riƙa dawo mata. Baba ya daina karanta Littafi a coci, ya ce a ba matasa dama. Ya daina shiga gona lokacin tsinka, wai gwiwa. Ga shayin da yake zubarwa a tebur ya ce butar ce ta lalace. Ashe ba fushi ya ɓoye da safe ba. Yanar ido ce ta rufe masa gani, bai ga wanda ke gabansa ba.

Ta danne bakinta da gefen mayafi.

"Ta gefen dama take kwance, Malam," in ji Loserian a hankali, kamar da kowa yake. "Wutsiyarta kaɗai ke motsi, ƙudaje sun dame ta kamar yadda suka dami Gwaggo. Cikinta ya yi tim, da alama da asuba ta ci."

"Haka ne, haka ne," in ji Baba da sauri. "Mace ce. Gwada ku nake yi."

"Ni ka haɗa da zakanya?" in ji Gwaggo.

Daga nan tuƙin Loserian ya sake. Ya riƙa tsayawa inda babu abin ɗauka a hoto: inda ɓauna suka kwana ƙasa na tashi da warinsu, da gindin itacen da tsuntsaye suka cika da surutu. Ya raɓa motar jikin wata kuka, ya ce Malam ya miƙa hannu ta taga ya ji inda giwaye suka ɓare ta da haure. Baba ya shafa, ya sake shafawa.

"Ɗan'uwa, nan kuma me za mu gani?" in ji Elibariki.

"Ƙyale shi," in ji Baba. "Ni ina jin daɗin tafiyar yaron nan."

Aikande ta dubi ƙeyar Loserian. Mutumin da aka rufe wa ƙofa ne yake rufa wa mai ƙofar asiri. Ta so ta ce masa wani abu, ko kalma ɗaya ce, amma Gwaggo na gefenta.

* * *

Da rana ta take suka sauka a kan tudun da aka keɓe don cin abinci, kogi na ƙasa. Tun ba a gama buɗe kwalayen abinci ba wani biri ya zare wa Gwaggo cinyar kaza, ta bi shi da takalmi tana tsine wa kakanninsa. Elibariki ya samu dama, ya ja Aikande gefe, wajen shingen ƙarfen da ke bakin tudun.

"Yau shirun naki ya fi na kullum."

"Elibariki, Baba ba ya gani."

"Kamar yaya?"

"Yana ce a idonsa. Ban san tun yaushe ba. Ɓoyewa yake yi."

Ya waiga wajen Baba. Ta ga lokacin da maganar geza ta dawo masa.

"Ni kuwa na buɗe baki ina masa dariya. Allah ya yafe mini." Ya ciro waya. "Litinin zan kai shi wurin likitan ido a Moshi. An yi wa kakata aikin ido, yanzu har zare take zurawa a allura. Daina kuka, zai gani."

"Aika," ta ce, hawaye na bin kumatunta.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da wayar aljihu.

"Kin san wani abu? Na gaji da kalmar nan. Babanki aika, gwaggonki aika, karen gidanku ma da zai yi magana aika zai ce mini. Ke kaɗai nake jira ki ce mini wani abu daban."

"Ba ni da wata, Elibariki. Na nema."

"Ki ƙara nema."

"Na nema har na gaji. A idona ka goya Mama ka hau da ita benen asibiti. In na manta da wannan, Allah ya tambaye ni. Amma duk sanda na leƙa zuciyata in ɗauko maka wani abu, godiya nake tararwa, cike har baki, ba ta bar wa komai wuri ba."

"Da godiya ma ai ana zaman aure."

"Ana yi." Ta share fuska. "Idan Baba ya ce Lahadi, Lahadi ce. Ba zan kunyata shi ba, kai ma ba zan kunyata ka ba. Amma ka tambaye ni, kuma ka wuce in yi maka ƙarya."

"Har yanzu ɗan Masai ɗin nan ne?"

Ta kawar da kai. Idonta ne ya ci amanarta, ya tafi can inda Loserian ke durƙushe gaban benci yana ɓare dafaffen ƙwai, ya sa wa Baba a tafin hannu, ya matso masa da gishiri inda yatsansa zai same shi. Elibariki ya bi idon. Ya dubi direban. Ya dubi Gwaggo da ke dawowa da takalmi ɗaya a hannu.

"Yohana," ya ce a hankali. "Lallai Gwaggo ta iya zaɓen direba."

* * *

Da la'asar suka gangara kogin. Ruwan ya janye, sai yashi, giwaye kuwa sun cika wurin suna tona shi da ƙafa suna zura hanci. Loserian ya tsaya a gefen hanyar da suke bi in za su hau, ya kashe mota.

"Kowa ya yi shiru. Malam, ajiye madubin, waɗannan ba sa buƙatarsa."

Da farko ba a jin komai. Can sai ƙarar ciyawa ana tumɓukewa, da huci, da wani gurnani mai zurfi wanda ƙirji ke riga kunne ji. Aikande ta ji shi har cikin haƙoranta. Wata babbar uwa ta hauro, 'ya'ya na biye, ta biyo ta gefen Baba, kusa har ana jin warin laka a jikinta. Ta tare rana. Inuwarta ta rufe tagar gaba ɗaya.

Baba ya ɗaga kai a hankali, ya bi ta tun daga ƙasa har sama.

"Na gan ta," ya ce. Muryar ba irin ta ɗazu ba ce. "Wannan kam na gan ta. Maman Aika, ga ta nan. Ga ta, ta fi ta allo."

Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. Aikande ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa. A ranta ta gode wa Elibariki da ya kawo su, ta gode wa Loserian da ya san inda zai tsaya, har ta gode wa giwar da ta zaɓi wannan gefen. Elibariki ya sauko daga tsayuwarsa ya zauna, ya manta da hoto.

Sai gurnanin ya ƙaru daga bakin yashi, kunnuwa suka riƙa kaɗawa.

"Me ke faruwa?" in ji Baba. "Faɗa suke?" Bai ma yi kamar zai ɗaga madubin ba.

"Gaisuwa ce, Malam. Wani matashin toro ne ya zo, ba ɗan garken ba ne. Ya tsaya daga nesa, ya sauke kai. Yanzu ya miƙa hanci wajen bakin babbar. Jira yake."

"Jiran me?"

"Ta taɓa shi. In ta taɓa shi, ya sha ruwa tare da su. In ta ƙi, sai ya juya."

Baba ya karkata kai wajen taga.

"To? Ta taɓa shi?"

"Ta ɗora masa hanci a ka."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina. "Ka ji dabba. Dabba ma ta san gaisuwa. Ni kuwa, Yohana, bara wani yaro ya zo har barandata neman 'yata. Na miƙe tsaye, ni da furfurata, na ba shi hannu. Ya bar mini shi a iska. Ina tsaye kamar mai roƙo. Ko uffan bai ce ba."

"Yaya, bar tsohuwar magana," in ji Gwaggo da sauri. "Direba, ta da mota, yamma ta yi."

Loserian bai taɓa makulli ba. Aikande ta ga yatsunsa sun ƙanƙame sitiyari.

"Malam... ka ba shi hannu?"

"Har sai da ya yi mini tsami."

"Yaron bai gani ba. Idonsa a rufe yake." Ya saki sitiyarin. "A wurinmu yaro ba ya ba uba hannu. Kai yake sunkuyarwa, uban ya dafa. In namiji ya girma ya wuce wannan, ba ya ƙara yi wa kowa. Shi kuwa ya yi ta tunanin abin da zai kawo maka. Ba shi da gona a kan dutse, ba shi da ayaba. Sai ya ce bari ya koma yaro a gabanka. Ya sunkuya, ya runtse ido, yana jira. Yana nan yana jira ya ji an ce, 'Ka gani ko, Yaya?' Sai ƙarar ƙofa."

Kukan da Aikande ke dannewa ya kuɓuce mata.

Baba ya juyo gaba ɗaya wajen muryar. "Kai wane ne?"

"Loserian ne, Baba."

Can a yashi wata 'yar giwa ta yi ƙara, uwarta ta amsa. Ba wanda ya waiwaya.

"Ndeshi."

"Yaya, ni dai..."

"Kansa a sunkuye yake?"

"Yaya, a gaban mutane?"

"Tambayarki nake. Ni inuwa kawai na gani, doguwa, a gabana. Na daɗe ba na ganin fuskar mutum, ku ji yau, na gaji da ɓoyo. Ke kuwa kina da ido. Kansa a sunkuye yake?"

Gwaggo ta ja zane ta rufe fuska. "A sunkuye yake." Sai ta fashe da kuka. "Don ita na yi! So kake a kai ta inda babu inuwar ayaba, inda ba mu san kowa ba? In ya tafi daji da baƙi, wa zai zauna da ita? Uwarta ta bar mini amanarta. Ga yaro a ƙofar gida, wanda ya goya uwar a bayansa, sai mu tsallake shi? Ku ce na yi laifi, na ji, amma ba don kaina na yi ba!"

"Na ji ki," in ji Baba. Sannan ya ce, "Kai mu ƙofa, ɗana."

* * *

A ƙofar gandun Baba ya sauko da kansa, ya lalubi jikin motar ya tsaya. Rana ta yi ja a bayan kukoki.

"Elibariki, zo."

Ya kama hannun Elibariki da hannu biyu. "Abin da ka yi wa gidana, ko bayan raina za a faɗa. Yau ka cika mini alkawarin da ni na kasa cikawa."

"Litinin da safe zan zo mu je wurin likita, Baba. Wannan ba ruwansa da wata magana." Muryarsa ta ɗan karye, ya gyara ta. "Amma ban janye ba. Ka ba mahaifina Lahadi."

"Na ba shi. Ba zan hana shi shigowa gidana ba." Ya saki hannun. "Ina ɗan Masai?"

Loserian ya zagayo, ya tsaya a gabansa. Ya goge tafinsa a wando, ya miƙa hannu irin na mutanen dutse. A daidai lokacin Baba ya ɗaga nasa hannun sama, yana laluben kai a iska.

Suka tsaya a haka, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, kowa na jira.

Aikande ba ta san sanda ta shiga tsakaninsu ba.

"Ku biyun nan za ku kashe ni! Baba, hannu ya miƙo maka. Loserian, kanka yake nema."

Dariya ta ƙwace wa Elibariki duk da jan idonsa. Wasu direbobi da ke jiran takarda a bakin ƙofa suka juyo suna kallo. Loserian bai damu da su ba. Ya sunkuya, dogo da shi, har sai da ya lanƙwasa gwiwa. Aikande ta kama hannun mahaifinta, ta kai shi, ta ɗora.

Yatsun tsohon suka zauna a kan. Suka daɗe.

"Aika," in ji Baba.

"Na'am, Baba."

"Ba da ke nake ba."

Kafaɗun Loserian suka fara rawa. Aikande ta ji sunan nan nata, wanda ya yi mata nauyi tun rasuwar Mama, ya koma daidai yadda Mama ta raɗa shi.

"Tashi, ɗana. Shayo na da Lahadi. Kai ka zo Asabar. Ka zo da manyanka, ka gaishe ni a barandar nan da na rufe maka ƙofa. In kowa ya zo ya faɗi tasa, sai in tambayi mai sunan, abin da ya kamata in yi tun farko."

"Asabar, Baba."

Elibariki ya buɗe wa dattijon ƙofar gaba da kansa, bai dubi kowa ba.

Aikande na riƙe da hannun mahaifinta za ta taimaka masa ya hau, sai idonta ya yi abin da ya saba. Gwaggo ba ta cikin motar. Ta zagaya baya, wajen tayar da ke rataye, ta share hawaye, waya a kunne, ta kare baki da tafi. Amma Gwaggo Ndeshi ba ta taɓa iya raɗa ba.

"Maman Elibariki? Ki gaya wa maigida kada a jira Lahadi. A haɗa tulunan yau. Juma'a za ku zo."

Da a da ne, da Aikande ta haɗiye abin da ta gani, ta je ɗaki ta yi kuka. Ta dubi Loserian yana kakkaɓe ƙurar gwiwarsa. Ta ƙara riƙe hannun da ke cikin nata.

"Baba," ta ce, "tunda ni ce idonka har Litinin, tsaya in gaya maka abin da nake gani."